Ranar da Aka Rufe wa Sarki Ƙofa

An ce wani sarki ne ya daɗe a kan gado har tsufa ya cim masa, gwiwa ta ƙi, ido ya fara dishi-dishi, sai ya yi niyyar murabus. To, a wannan zamani ƙasar ba lafiya. Mahara sun addabe ta, su fito daga daji da rana tsaka su kore shanu, su ƙone rumbuna, su tasa mutane a gaba. Tsoro ya shiga ko'ina har fada, ta kai ga sarki ba ya jin an buga ƙofa da ƙarfi bai zabura ba.

Mutum biyu ke neman gadon, Ciroma Jatau da Tafida Tunau, dukansu 'ya'yan ƙannensa. Masu zaɓen sarki suka ce wanda ya nuna shi za su naɗa. Sarki ya ce shi ba zai duba kyan fuska ko yawan magoya baya ba, kowa ya zo gaban fada ya faɗi abin da zai yi wa ƙasa.

Ciroma ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, maganin mahara ganuwa. In na hau, mayaƙa duka su dawo cikin birni. Da an kira la'asar a ja ƙofa, ba a buɗewa sai gari ya waye. Wanda aka rufe yana waje ya yi ta kansa, ko ubana ne."

Tafida ya ce, "Ranka ya daɗe, birni ba ya noma abin da yake ci. In na hau, zan kwashi mayaƙa daga ƙofar fada in zuba su a hanyoyi da ƙauyuka, ƙofar gari kuwa ta jira har na ƙarshe ya shigo. Ban ce kuka zai ƙare bana ba. Za a daɗe ana fama, kuma fada za ta zauna da 'yan tsaro kaɗan."

Da sarki ya ji "'yan tsaro kaɗan" sai gabansa ya faɗi. Nan take ya miƙa wa Ciroma mabuɗan ƙofa, ya ce ya gwada dokarsa daga gobe a gani. Amma don kada a ce bai yi shawara ba, ya aika aka kira Malam Cindo, wani tsohon masani da ba ya zuwa fada sai an neme shi.

Sarki ya ce, "Ya malam, wanne ya fi a cikinsu?"

Malam ya ce, "Ya sarki, sai na san mai tambaya."

"Ni ke tambaya."

"Kai na yau, ko kai na bayan naɗi?"

Al'adar ƙasar ita ce sarki biyu ba sa kwana gari ɗaya. Wanda ya yi murabus, sai a gina masa gida a wani ƙauye bayan ganuwa, can zai ƙare kwanansa. Sarki ya san da haka, amma bai taɓa kawo zancen a ransa ba sa'ad da 'yan takara ke magana.

Malam ya ce, "Ka ga gidan?"

"An gina. An ce mini ya yi kyau."

"Ya sarki, mai sayen takalmi ba ya aiken wani ya gwada masa. Ga kuma wata tambaya: ganuwar nan, ta ina ta fi tsawo, ta ciki ko ta waje?"

Sarki ya yi murmushi ya ce, "Magina sun ce tsawonta ɗaya."

"To, gobe mu je mu duba. Ka bar dogarai a gida, tunda ba da su za ka zauna can ba."

Sarki ya so ya ƙi, kunya ta hana shi. Da hantsi ya sa tsohuwar riga, ya ja amawali ya rufe fuska, suka fita a ƙasa kamar kowa, da niyyar su dawo kafin la'asar.

Gida kam ya yi kyau, ga zaure ga rijiya. Ƙauyen ne ya ba shi tsoro. Bai ji carar zakara ko ɗaya ba, da ya tambaya aka ce an yanke su duka don kada su nuna wa mahara gari. Mata na daka a hankali kamar masu sata, kowace da goyo a baya ko da yaron ya isa tafiya, don in gudu ya kama ba sai an tsaya neman ɗa ba. Duk wanda sarki ya gaisar, bakinsa na amsawa, idonsa na kan daji.

Sarki ya ce, "Malam, mu koma."

Suka kamo hanya. Amma tafiyar tsofaffi biyu ce, a taka kaɗan a zauna a huta. Suna hango ganuwa suka ji kiran la'asar, kafin su iso an ja ƙofa an sa sakata.

Suka tarar da jama'a cunkus a gindin ƙofa: manoma da fartanya, masu itace, 'yan cin kasuwar ƙauye. Sarki ya kutsa ya buga ƙofa da sandarsa. Wata mai sayar da daddawa, Kande, ta ce masa, "Baba, adana ƙarfinka. Mu da muke da sauran ƙashi mun buga mun gaji."

Wani manomi ya ce, "Wai wa ya kawo wannan doka?"

Kande ta ce, "Wanda ya kawo ta yana ciki ana kwaɓa masa fura."

Wani ya ce, "An ce sarki ne ya yarda. Ka san ya tsufa, ba ya gani sosai."

Kande ta ce, "Ai wannan ba da ido ake ganinta ba."

Ba wanda ya yi dariya, domin a daidai lokacin wani ya nuna baya. Hayaƙi ne ya tashi baƙi ƙirin daga wajen ƙauyen da suka baro, a ƙarƙashinsa kuma ga ƙura tana tahowa. Mata suka ƙanƙame 'ya'yansu. Wani tsoho ya zauna a ƙasa ya fara kalmar shahada. Sarki ya ɗaga kai ya dubi ganuwar da kakanninsa suka gina, ya ga kamar ta haɗe da sama.

Malam ya ce a hankali, "Ya sarki, ta ina ta fi tsawo?"

Ya ce, "Ta nan, malam. Ta nan."

Sai ya yaye amawali, ya kira Sarkin Ƙofa da sunansa. Sarkin Ƙofa ya leƙo ta saman ganuwa, ya gane murya, ya aika aka kira Ciroma. Jama'a suka zube ƙasa. Kande ta rufe baki da hannu.

Ciroma ya leƙo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wa ya kai ka waje? Kai, a buɗe 'yar ƙaramar ƙofa, sarki kaɗai ya shigo a mayar."

Aka buɗe 'yar ƙofa daidai shigar mutum ɗaya. Sarki ya ɗaga ƙafa zai shiga, don tsoro bai san sarauta ba. Malam ya ce, "Shiga, ya sarki. Yau da sauran rawani a kanka."

Sarki ya dawo da ƙafarsa. Ya dubi sama ya ce, "Ciroma, ba kai ka ce ko ubanka ne ba?"

"Ranka ya daɗe, ai kai sarki ne."

"Ranar da aka naɗa ka fa, ni wane ne?"

Ciroma ya kau da kai ya dubi ƙurar da ke tahowa.

Sarki ya ce, "A buɗe babbar ƙofa."

Ciroma ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dubi ƙurar nan. In muka buɗe, tare da su mahara za su shigo."

Sarki ya waiwaya, ya ga gaskiya ne, har an fara jin sukuwar dawaki. Ya ce, "To, sai ku yi sauri, don ni ne na ƙarshen shiga."

Aka zare sakata. Jama'a suka kwarara ciki, wannan na jan akuya, wannan na jan uwarsa. Sarki na tsaye ya dafa sanda, bai yarda ya sake waiwayawa ba, don ya san in ya waiwaya zai ruga. Kande ta kama tsohon nan da ke zaune a ƙasa ta ja shi. Da waje ya zama ba kowa, malam ya shiga, sarki ya bi bayansa. Ana mayar da ƙofa kibiya ta kafe a jikinta.

Da numfashi ya dawo masa, sarki ya ce, "Malam, ka san za mu makara?"

Malam ya ce, "Ya sarki, na san tafiyar tsofaffi. Zuwan mahara kuwa ban sani ba, ni ma tsoro bai gama sakina ba."

Washegari fada ta cika. Sarki ya ce wa masu zaɓe, "Na saurari 'ya'yana biyu ina zaune a kan gado, sai na zaɓi maganar da ta fi yi wa gado daɗi. Ciroma ba maƙaryaci ba ne, ganuwarsa tana tsare wanda ke ciki. Dabarar Tafida kuwa ban san ko za ta kori mahara ba, kuma har yanzu ina jin tsoronta. Amma shi da ya ce ƙasa, har da mutanen bayan ganuwa yake nufi, kuma bai ɓoye mana wahalar da za mu sha ba. Tafida na nuna."

Aka naɗa Tafida sarki. Tsohon sarki ya tattara ya koma ƙauyen nan da aka ƙone, aka sake gini da shi a ciki. An ce duk wanda ya je masa da shawarar zaɓen shugaba, abu ɗaya yake faɗa masa: "Adalci shi ne kada ka yarda da doka sai ka tsaya a inda za ta sauka."