Takardar Da Uwaisu Ya Mayar

Akwai wani bawan Allah mai suna Uwaisu a wani ƙauye da ke bayan Gezawa. Ya yi digiri a fannin motsa jiki da kiwon lafiya, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida da takardunsa a cikin leda. Shekara takwas suka yi a ƙarƙashin katifa, babu aiki.

Gonar da mahaifinsu ya bari, su bakwai suka raba ta. Rabon Uwaisu ɗan fili ne, geron da yake samu ba ya kai su bazara. Ga matarsa Furera, ga 'ya'ya uku.

Wata rana aka sanar cewa wani asibitin gwamnati yana neman jami'in motsa jiki da nishaɗantar da marasa lafiya. Aikinsa shi ne ya shirya wasanni da 'yan ayyukan hannu ga waɗanda suka daɗe a kwance, don jikinsu ya farfaɗo, zuciyarsu ta sake.

Uwaisu ya karanta sharuɗɗan sau uku. Digiri, yana da shi. Takardar bautar ƙasa da ta ƙaramar hukuma, yana da su. Shekaru kada su wuce talatin da biyar, shi kuwa saura masa wata huɗu ya cika. Sai sharaɗi na ƙarshe: takardar shaidar cewa mutum ya yi aƙalla wata shida yana aiki da marasa lafiya.

Wannan ce ba shi da ita.

Ya kira Munir, abokin karatunsa da ke zaune a Rijiyar Zaki, wanda shi ma yake neman gurbin. Munir ya yi dariya.

"Wannan ce ta dame ka? Na san wani mai asibitin kuɗi, shi ya rubuta min tawa. Ka zo jibi ka karɓi taka."

"Amma ai ban taɓa aiki a wurinsa ba."

"To ni na taɓa? Uwaisu, daga wannan shekaru sun rufe maka ƙofa. Ka yi wa kanka faɗa."

Da Uwaisu ya gaya wa Furera, ta ci gaba da tsince wake. Can ta ce, "Ni ba zan ce ka karɓa ba, ba kuma zan ce ka bari ba. Amma kafin ka yanke, ka leƙa rumbu."

Ya leƙa. Dami biyu ne suka rage, damina kuwa da saura.

Jibin ya hau mota ya tafi Rijiyar Zaki. Munir ya miƙa masa takardar, da sunansa, da hatimi, da sa hannu. A ciki an rubuta cewa Uwaisu ya shekara biyu yana kula da masu shanyewar ɓarin jiki, kuma ya ƙware.

Ya tsaya yana kallon kalmar "ya ƙware". Shi da bai taɓa ɗaga mara lafiya daga gado ba. Ya tuna cewa idan aka ɗauke shi da wannan takarda, uban wani za a miƙa masa a ce ga gwani. Ya mayar wa Munir.

"Ba zan iya ba."

Munir ya ninke ta ya sa a aljihu. "To ka koma ka dafa wa 'ya'yanka gaskiya su ci."

Ranar tantancewa a asibitin gwamnatin, akawun da ke karɓar takardu ya rubuta sunan Uwaisu da shekarunsa a rijista, ya duba fayil ɗin, ya turo masa abinsa.

"Babu shaidar aiki, Malam. Na baya ya matso."

"Don Allah ka taimake ni, Yallaɓai. Idan wannan ta wuce ni, shi ke nan. Ku gwada ni ko da wata ɗaya ne."

"Ba ni na kafa sharaɗin ba."

Uwaisu ya fito ya zauna a kan dakalin baranda. Mutum mai 'ya'ya uku, ya kifa kai a gwiwa yana hawaye, mutane na wucewa. A nan shugabar nas-nas ta wani sashe, Hajiya Maimunat, ta same shi. Ta ji duk abin da ya faru ta taga.

"Yau na ga takardu sun fi ashirin daga asibiti ɗaya," in ji ta. "Kai me ya hana ka samo?"

"An ba ni, Hajiya. Na mayar."

Ta dube shi sosai. "Ina da ɗakin maza, gado goma sha biyu, babu mai kula da ɓangaren motsa jiki. Idan za ka zo aikin sa kai, zan roƙa maka izini. Babu albashi, kuma ban yi maka alkawarin komai ba."

Ya san wata shida za su ƙare ne bayan shekarunsa sun wuce. Duk da haka ya ce zai zo, don zaman gida ya fara taɓa masa hankali.

Bayan sati biyu sunaye suka fito. Munir aka ɗauka, aka tura shi wani sashe.

Kullum da asuba Uwaisu yake taka keke zuwa asibiti, ya dawo da la'asar ya shiga gona. Geron ya ƙare. Furera ta fara surfe a gidajen maƙwabta don a samu abin ɗorawa. Yayanta ya zo har gida ya ce idan Uwaisu ba zai iya riƙe ta ba, ya faɗa. Ranar da ya cika talatin da biyar bai gaya wa kowa ba, ya dai tsayar da keke a bakin hanya ya daɗe zaune kafin ya ci gaba.

A ɗakin mazan akwai wani dattijo, Malam Iliyasu, mahauci ne da ya shekara arba'in yana tsire a kasuwa. Ɓarin damansa ya shanye. Ya juya fuska ga bango, ba ya magana, abinci ma sai an yi da gaske. Likitan gashin ƙashi ya ce hannun zai iya dawowa idan zai motsa shi, amma ya ƙi.

Uwaisu ya kawo ƙwallon roba, dattijon ya ture. Ya kawo dara, ko kallo bai yi ba.

"Ni ba yaro ba ne, ka ƙyale ni in jira lokacina," in ji shi.

Uwaisu ya nemi shawarar likitan. Washegari ya zo da tsinkayen tsire da ya dasashe bakinsu, da dafaffen dankali yanka-yanka. Ya zauna a gefen gadon ya fara tsirewa, yana yi a karkace da gangan.

Malam Iliyasu ya saci kallo sau biyu. A na uku ya kasa haƙuri.

"Wa ya koya maka wannan ɓarnar? Ba a haka ake riƙe tsinke ba."

"To nuna min, Baba."

Yanka ɗaya ya ɗauke shi kusan minti goma, gumi na zuba, dankalin na faɗuwa Uwaisu na ɗaukowa. Amma ya tsire shi. A wata na uku yana cika tsinke biyar. A na biyar ya kai loma baki da hannunsa na dama, 'yarsa Sa'adiyya tana tsaye tana share hawaye da mayafi. Sauran marasa lafiyar ma kowa Uwaisu ya nemo masa abin da ya saba: manomi ɓarar gyaɗa, tela zura zare, malami juya shafi.

Ana cikin wata na bakwai kwamitin bincike ya zo bin diddigin takardun sababbin ma'aikata. Aka gano asibitin kuɗin nan ko gadon kwanciya ba shi da shi. Aka sallami Munir da wasu da dama. Da Uwaisu ya ji, bai yi murna ba. Ya kira shi ya jajanta masa, Munir ya katse wayar.

Maimakon a yi sabuwar sanarwa, kwamitin ya ce a sake kiran waɗanda sunansu ke cikin rijistar farko, da shekarun da aka rubuta musu a ranar. Hajiya Maimunat ta kai wa shugaban asibitin bayanin aikin Uwaisu, ya rubuta masa shaida, kowane layi a cikinta abin da ya yi ne da hannunsa.

A wurin ganawa aka tambaye shi yadda zai yi da mara lafiyar da ya fid da rai. Bai kawo abin da ya karanta a littafi ba. Ya ba su labarin gado goma sha biyu, ɗaya bayan ɗaya, har shugaban kwamitin ya ajiye biro yana saurare.

Ranar Litinin da takardar ɗaukar aiki ta fito, Hajiya Maimunat ta tare shi a ƙofar ɗaki ta miƙa masa tare da farar riga. Ya karanta, ya durƙusa a nan kan siminti ya yi sujada. Da ya ɗago ya kira Furera, tana jin muryarsa ta ce, "Na gane. Alhamdulillahi."

Daga can cikin ɗakin wani sabon mara lafiya ya ce, "Malam, yau ba za a yi ba ne?"

Uwaisu ya goge fuska ya saka rigar. "Za a yi, Baba. Miƙo min hannun."

Darasi: Takardar ƙarya tana iya shigar da kai ofis, amma ba za ta zaunar da kai ba, kuma a aikin lafiya ran mutane ake ba ka amana. Idan wani sharaɗi ya gagare ka, ka neme shi ta hanyar halal ko da za ka sha wuya, Allah ba ya tozarta mai gaskiya. Ku tura wa duk wani mai neman aiki da kuka sani, wataƙila yau ana miƙa masa irin wannan takardar.