Tsintsiyar Gwamnati

Ko rantsuwa na yi muku, ba za ku yarda da abin da Cindo ya yi wa ciyaman ɗinmu ba. Doka aka kafa: duk gonar da aka tsinci leda a ciki, mai ita zai share kasuwa mako guda. Gonar Cindo kuwa tana bayan kasuwa, can iska take juye shararta. Duba-gari ya tasa ƙeyarsa har sakatariya, gaban ciyaman.

"Ranka ya daɗe," in ji Cindo, "mai leda zai yi sharar ko mai ƙasa?"

"Mai ƙasa mana!"

"Madalla! Bara da kuka yanki gonata kuka yi hanya, ƙasar wa kuka ce?"

Ciyaman ya yi tari. "Ta gwamnati."

"To, a miƙa wa gwamnati tsintsiya!"

Washegari ma'aikata suka tsince gonar tas, Cindo na kan kututture yana ta ihu: "Ga wata can, Yallaɓai!"

Ranar girbi sai ga duba-gari da amalanke.

"Sannu Cindo, mun zo kwashe geron gwamnati."

"Kai! Gonar ubana ce!"

"Madalla," in ji duba-gari, ya zaro masa tsintsiya daga amalanken.