Jan Biro a Shafin Farko

Akwai wata budurwa da 'yan layinsu ke kira Alƙaliya. Ba ta taɓa leƙa kotu ba. Sunan ya bi ta ne saboda duk littafin da ya shigo hannunta sai ta yanke masa hukunci, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

A bakin layin akwai shagon hayar littattafai na wani dattijo da ake ce wa Baba Mai Haya. Kanta uku, benci ɗaya, sai wata fanka da ke juyawa kamar an tilasta mata. Dokar Baba ɗaya ce tak. Wanda ya gama littafi yana iya rubuta ra'ayinsa a fararen shafukan ƙarshe, amma da fensir. Har fensirin ya ɗaure da zare a jikin tebur. In an tambaye shi dalili, sai ya ce mutum yakan canja ra'ayi.

A lokacin babu abin da matasan layin ke magana a kai sai wani jerin littattafai guda biyar, Shekarun Ƙishirwa. Labarin wata ƙasa ce da masu mulki suka kulle ruwa, suna auna wa kowa nasa da ƙaramin kofi. Kowane gida sai ya ba da yaro ɗaya ya je ya yi musu bauta. A wani gida aka ɗauki ƙanwa mai rashin lafiya, Yayarta kuma ta bar komai ta bi bayanta.

Ku zo ku ga shafukan ƙarshe na waɗannan littattafai. Wata ta rubuta, "Wayyo ni, na yi kuka har Mama ta shigo tana tambayar wa ya rasu." Wani mai ji da karatunsa ya rubuta, "A nawa nazarin, wannan littafi yana da zurfi ƙwarai," bai kuwa faɗi zurfin ba. 'Yan mata sun rabu gida biyu, wasu na son Yayar ta auri mai gadin ƙofa, wasu na son mai haƙa rijiya, suna ta faɗa kamar su za su zauna da shi.

Amma babbar gardamar a kan usur take. Tun a littafi na ɗaya Yayar ta rataya wa ƙanwar usur a wuya, ta ce duk inda ta busa za ta zo. A littafi na huɗu kuwa, katanga ɗaya ce kawai ta raba su, ƙanwar tana riƙe da usur ɗin, ta ƙi busawa. Me ya sa? Kowa da abin da yake faɗa.

Alƙaliya ta ce babu wani dalili, sakarci ne. Takan tsaya a tsakiyar shago ta dafe ƙirji, ta lanƙwasa wuya, ta yi tari biyu, sannan ta ja murya siririya, "Yaaaya, ƙishi nake ji." Sai benci ya kaure da dariya. Gaskiya ta iya. Ko muryar Baba takan yi in ya juya baya, har yadda yake lasar yatsa kafin ya buɗe shafi.

A gida Alƙaliya tana da ƙanwa guda, Auta, 'yar shekara goma sha biyar. Shekara biyu ke nan Auta tana fama da ciwon ƙoda. Litinin da Alhamis ake kai ta wankin ƙoda, kuma Alƙaliya ce mai raka ta. Ita ke riƙe jaka, ita ke bin layi, ita ke kwaikwayon tafiyar babbar nas har Auta ta yi dariya ta riƙe ciki. Ita ce kuma ke rubuta wa ledojin magani "safe", "rana", "yamma" da wani jan biro da ba ya barin jakarta.

Likita ya hana Auta shan ruwa da yawa. Akwai wani ɗan kofi mai layi a jiki, da shi ake auna mata.

Alƙaliya tana ganin kofin nan kullum. Ko sau ɗaya ba ta taɓa haɗa shi da littafin ba.

Ba ta kuma san Auta tana karanta shi ba. Gwaggonsu, ƙanwar babansu, tela ce, ita ke karɓo mata a shagon Baba ta shigo da shi cikin jakar ɗinki, a ƙarƙashin ƙyallaye. Auta ce ta roƙe ta kada Yaya ta sani, don ta sha jin yadda take yi wa littafin ba'a. Auta ta karanta huɗu, tana ɓoye su a ƙarƙashin matashi. Ranakun da ta dawo daga asibiti jiki ba ƙarfi, sai ta ce wa Gwaggo ita dai Allah ya nuna mata na biyar.

Na biyar ya iso, kwafi ɗaya. Baba ya jera sunayen masu jira. Alƙaliya ta kafa ta tsare sai da aka fara da ita, ta kuwa gama shi a yini ɗaya.

Da ta dawo da shi Baba yana bayan kanta yana kakkaɓe ƙura. Ta buɗe ƙarshen littafin, ta ɗauki fensir, sai ta tsaya. Wa zai ga ra'ayinta a can baya sai ya gama? Ta ajiye fensirin, ta zaro jan bironta, ta buɗe shafin farko ta rubuta da manyan baƙaƙe:

"Kada ki ɓata lokacinki. Ƙanwar ta mutu a ƙarshe. Gara haka, littafi biyar tana zame wa Yayarta kaya."

Baba bangon littafi yake dubawa da shafukan baya, bai gani ba. Mutum biyu da suka karɓa bayanta suka tare ta a hanya suna masifa, ta kwaikwayi masifar tasu har su ma suka yi dariya ba da son ransu ba. Ta huɗu a jerin sunayen ita ce Gwaggo. Gwaggo kuwa ba ta buɗe irin waɗannan littattafai. Ta karɓa, ta tura cikin ƙyallaye, ta kawo.

Ranar Laraba da la'asar Alƙaliya ta shigo ɗakinsu tana 'yar waƙarta. Auta tana zaune a bakin gado, littafin a buɗe a kan cinyarta, shafin farko. Kusa da ita ledar magani ce mai "yamma" a jiki. Launi ɗaya, hannu ɗaya.

"Au, ke ma kina karanta wannan abin?" in ji Alƙaliya.

Auta ta ɗago. Idonta a bushe yake.

"Rubutunki yana da kyau, Yaya."

Ta rufe littafin, ta ajiye a kan taga, ta kwanta ta juya wa bango fuska.

Alƙaliya ta yi bayani. Ta ce ta cikin littafi take nufi, ta ce wasa ne, ta ce kowa ya san bakinta. Auta ta ce ta sani. Duk abin da aka faɗa, amsar ke nan, ta sani.

Washegari da safe Auta ta ce wa Ummarsu Gwaggo ta raka ta asibiti, a bar Yaya ta huta. Umma ta ji daɗi ma, ta ce yarinyar nan akwai tausayi. Litinin ma haka. Alhamis ma haka.

Ba faɗa, ba gaba. Suna gaisawa da safe, suna cin abinci a faranti ɗaya. Abu guda ne kawai ya ɓace daga gidan. Da, a yini sai ka ji "Yaya, miƙo min" sau ashirin. Yanzu Auta ke tashi da kanta, ta dafa bango, ta dafa ƙofa, ta ɗauko kofinta ta auna. In Alƙaliya ta miƙe za ta taya ta, sai ta ce, "Zauna, na iya."

Alƙaliya ta gwada kwaikwayon babbar nas. Auta ta kalle ta har ta gama, ta ce ta yi kama.

Sati biyu ana haka. Wata Asabar da rana Umma ta tafi kasuwa, Alƙaliya tana falo tana latsa waya. Jiri ya ɗebi Auta a banɗaki ta faɗi. Ba ta suma ba, tana ji tana gani, amma ta kasa tashi. Bango ɗaya ne tsakaninta da falo. Da ta ɗaga murya kaɗan, da an ji.

Sai da Umma ta dawo, kusan awa guda, ta tura ƙofar ta same ta kwance a kan siminti, jiki ya yi sanyi, fuska ta kumbura. A mota Umma tana kuka tana tambayar me ya hana ta kira. Auta ta ce ta zaci za ta iya tashi.

Aka ba ta gado a asibiti.

Ranar Litinin Gwaggo ta miƙa wa Alƙaliya littafin ta ce ta mayar, masu jira sun dame ta. Yadda ta riƙe littafin da yatsu biyu ya nuna yanzu ta buɗe, ta ga jan rubutun.

Ba kowa a shagon sai Baba da fankarsa. Alƙaliya ta buɗe shafin farko a gabansa ta ce ita ce. Ta nemi kilina ta hau gogewa. Takardar ta yi laushi, ta fara ɓarewa, jan yana nan daram. Ta ce to bari ta yage shafin.

"Kul," in ji Baba. "Zare ɗaya ya ɗinke na farko da na ƙarshe. Kika cire wannan, wancan zai biyo shi. Kin kuwa duba na ƙarshen?"

Ya lashi yatsa ya juya mata. A ƙasan ra'ayoyin mutum biyu akwai wani ƙaramin rubutu da fensir, siriri, wanda sai an matso ake gani:

"Ban karanta wannan ba. Amma na san abin da ya hana ta busa usur ɗin. Ta ji Yayarta ta gaji."

Alƙaliya ta karanta. Ta sake karantawa. Ta jira hawaye, ba su zo ba. Ta jira kunya ko tsoro, shiru. Ta zauna a benci tana kallon fanka tana zagayawa, tana zagayawa. Wani ya shigo ya karɓi littafi ya fita. Wata daga cikin masu dariyar nan ta leƙo ta ce, "Alƙaliya, yi mana ta ƙanwar nan mana," ta kalle ta kamar ba ta gane yaren ba.

Baba bai yi mata faɗa ba. Ya ɗauki fensirinsa ya matsar da sunayen masu jira ƙasa, ya turo mata littafin. Ya ce mai haya ta huɗu ba ta gama ba tukuna.

A asibiti Gwaggo ce zaune a kujerar jinya. Ta dubi Alƙaliya, ta dubi abin da ke hannunta, ta miƙe ta ce ita kam ɗinkin mutane na jiranta. A bakin ƙofa ta ƙara da cewa, "Ga ki ga ƙanwarki."

Auta tana kwance, fuska ga bango. Alƙaliya ta zauna. Duk bayanan da ta jera a hanya suka gudu. Ta buɗe littafin kawai, takarda ta yi ƙara.

"Ki tsallake shafin farko," in ji Auta, ba ta juyo ba.

Ta tsallake. Ta fara karantawa a hankali. Ta yi shafi shida lafiya, sai ta zo inda ƙanwar za ta yi magana, ta tsaya cak. Murya ɗaya ta sani ta wannan yarinya, ta shago, mai tari biyu.



"Ki karanta da taki muryar," in ji Auta.

Ta karanta da tata. Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya yi kuka. Nas ta shigo ta duba ruwan da ke ɗiga, ta ce lokacin shan Auta ya yi, ta zuba a kofin nan mai layi, ta ajiye a kan durowa ta fita.

Kofin yana ɗan nesa da gadon. In Auta ta yunƙura da ƙyar za ta kai. Alƙaliya ta ji hannunta yana son tafiya, ta danne shi a kan littafin. Auta ta juyo ta kalli kofin. Ta daɗe tana kallonsa.

"Yaya," ta ce. "Miƙo min."

Har yau littafin yana yawo a layin. Baba ya manna farar takarda a kan shafin farko, amma in ka ɗaga shi wajen haske, jan yana leƙowa. Alƙaliya kuma ta koma rubuta ledojin magani da fensir, ko da yake Umma tana ƙorafin ba ta gani sosai.

Darasi: Faɗin ra'ayi ba laifi ba ne, amma ba ka san hannun da maganarka za ta faɗa ba. Abin da kake yi wa dariya a littafi, wataƙila shi wani yake rayuwa a ɗakin da ke kusa da naka. Kafin ka rubuta abin da ba ya goguwa, ka tuna da na gida. Ku tura wa duk mai saurin yanke hukunci da kuka sani, in kuma ku ne, ku karanta sau biyu.