Dauron da Ya Kwanta

Akwai wata mace a wani ƙauye na gindin duwatsu, inda ake noman dauro. Mijinta manomi ne na ƙwarai, kunyoyin gonarsa a miƙe sak kamar an ja su da igiya. Da damina ta kankama, sai ya gyara ɗan fili a bayan ɗakinsu ya yayyafa irin dauro, gama shi dauro ba a shuka shi kai tsaye a gona kamar gero. Renonsa ake yi a wuri ɗaya tukuna, in ya tasa a tuge shi a kai gona a dasa. Amma mutumin bai ga fitowar tsironsa ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, Ubangiji kuwa ya kira shi gida. Ya bar matar da 'ya'ya ƙanana, da kuma tsohuwar uwarsa.

Shi irin ba ruwansa da makoki. Ya fito, ya yi kore shar, ya cika filin. Kowace safiya matar takan zauna a bakinsa, ta kore kaji, ta cire ciyawa, wani lokaci har ta yi masa magana. Wannan ne aikin ƙarshe da hannun mijinta ya taɓa, don haka ta ƙudura a ranta ba wanda zai tuge mata ko kara ɗaya.

Maƙwabta suka yi dashe suka gama, ita ko gezau. Ran nan sai wan mijinta ya shigo gidan. Ba mugu ba ne, mutum ne dai da ba ya tauna magana. Ya ce, "Uwar Tabita, na yi miki huɗar gonar marigayi, kunyoyi suna nan suna jira. Kin san al'adarmu, gonar da ta wuce damina ba amfani a cikinta, hannun dangi take komawa. In marka ta wuce ba ki dasa ba, zan zuba wake in riƙe ta."

Ta ce, "Na ji, Yaya." Amma ta san gonar nan ita ce tuwon 'ya'yanta, ita ce kuma gādonsu.

Uwar mijin tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta ji duka. Da ɗan nata ya fita, ta dogara sandarta ta zo bayan ɗaki. Ta daɗe tana kallon tsiron, sa'an nan ta sunkuya ta kama damƙa guda ta tuge.

Matar ta riƙe mata hannu. "Haba, Mama. Shi ya shuka fa."

Tsohuwa ta ce, "Na san wanda ya shuka, ni na haife shi. Don ki zauna kina kallo ya shuka, ko don yaran nan su ci? Dubi yadda suka cunkushe suna shaƙe juna. In kika bar su a nan, ganye za su yi ta yi, ba za ki ga zangarniya ko ɗaya ba. Ɗauko wuƙa."

Haka suka tuge tsiron kakaf, suka karkaɗe ƙasar saiwarsa, suka datse kan ganyen kamar yadda ake yi, suka ɗaure shi suka kai gona. Kowace damƙa matar ta datse, sai ta ji kamar a ƙirjinta wuƙar ta bi. Ta bi kunya kunya tana soka tsiro tana dannewa da diddige, tana addu'ar da ba ta da wasu kalmomi sai, "Ya Yesu, ka riƙe ni." Can ta waiwaya, ta hangi tsohuwa a kunyar baya, duƙe, tana dashe hawaye na zuba a kan hannuwanta. Ashe mai ba da ƙarfin ma ba ƙarfin gare ta ba. Ba wadda ta ce da wata ta yi shiru. Suka yi ta kuka suna dasawa har suka kai ƙarshen gonar.

Sai ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe. Da matar ta koma gona, ta tarar dauron duka ya yi yaushi, ya kwanta a kan kunyoyi, ganyen ya koma ruwan ƙasa. Tun tana yarinya ta san haka dashe yake yi, amma baƙin ciki yakan mantar da mutum abin da ya sani. Ta zauna a ƙasa ta ce, "Shi ke nan, na kashe abin da ya bar mini da hannuna."

Tsohuwa, da ta biyo ta a hankali, ta kama wani tsiro da ya fi kowanne kwanciya, ta ce, "Ja wannan."

Matar ta ja. Tsiron ya ƙi fitowa.

"Kin ji ko? Sama ne ya kwanta. Ƙasa aiki yake yi. Tashi mu tafi gida, 'yata, ba mu ne masu ba da ruwa ba."

Ba a daɗe ba marka ta sauka. Dauron nan ya ɗaga kai, sabon ganye ya ɓullo daga tsakiyar wanda ya bushe, kowane tsiro ya yi 'ya'ya ya zama gindi guda. Matar ta yi noma, ta yi maimai, da goyo a bayanta. Ba a ce kukan ya ƙare ba, yakan zo mata a tsakiyar aiki, ta share da bakin zane ta ci gaba. Da kaka ta yi, masu wucewa sukan tsaya a bakin gonar su tambaya ta wane ne.

Ranar godiyar kaka a majami'a, kowane gida yakan kawo nunan fari na gonarsa. A da mijinta ne yake ɗaukar na gidansu. Wan mijin ya aiko ya ce zai ɗaukar mata, ta ce ta gode, ita za ta kai. Ta ɗora dami a ka, dami ne kuwa na ji da gani, ta shiga majami'a kanta a miƙe, tsohuwa na biye da sandarta, yara na biye da tsohuwa. Matan zumuntar majami'a suka rangaɗa guɗa. Ta sauke damin a gaban ikilisiya, ranta fari ƙal, ba ta kuwa ɓoye ba. Wan mijin ya tashi tsaye a gaban jama'a ya ce, "Gonar ƙanena ba ta rasa mai ita ba." Daga ranar ba a ƙara tayar da maganar gonar ba.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Filin bayan ɗaki shi ne zaman da muka saba da shi, da mutanenmu a kewaye da mu. Tugewa da datsewa su ne rashi, da ciwo, da wahalar da takan raba mu da abin da muke ƙauna. Saiwa ita ce bangaskiya, ƙasar da take kamawa kuwa Almasihu ne, wanda shi kansa ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa, ya kwanta a nasa kabarin, ya kuma tashi.

Saboda haka kada kowa ya ce muku mai bi ba ya kuka. Yana yi, har ya kwanta ya kasa ɗaga kai. Abin da ya bambanta shi da busasshiyar ciyawa shi ne, in wahala ta ja shi, ba ya fitowa, gama akwai mai riƙe da shi a inda ido ba ya gani. Irin waɗannan mutane suna cikinmu yau, a kan bencin da kuke zaune. Sun binne miji, sun binne ɗa, ga su kuma sun zo sujada da ƙafafunsu. Su ne abin taƙamar ikilisiya, ku riƙa gaishe su da girmamawa.

Kai kuma da kake kwance a wannan damina, kana ganin kamar taka ta ƙare, kada ka yanke wa kanka hukunci da abin da ke sama. Ganyen ne ya yi yaushi. Wanda ya dasa ka bai manta da gonarsa ba.