Hannun Tsohuwa a Kan Jif

Ranar Lahadin godiyar kaka ne aka yi laifin nan, da hantsi, a ƙofar majami'a, a kan idon kowa.

Akwai wani manomi da Allah ya sa wa cittarsa albarka a shekarar. Da ya sayar da amfanin gonarsa sai ya tafi birni ya sayo babbar jif baƙa, ta hannu, irin wadda ake kawowa daga ƙasar Turawa, mai kujerun fata da sanyi a ciki. Dillali ya goge ta tana ƙyalli, har manomin ya manta cewa wani ya riga shi hawanta.

Ya kawo ta majami'a domin a yi mata addu'a, kamar yadda muka saba. Fasto ya ce a ɗora hannu, mata suka yi guɗa suka matso. A cikinsu akwai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai, wadda ta goyi manomin nan a bayanta lokacin da uwarsa take kwance ba lafiya. Ta ɗora tafinta a gaban motar, ta rufe ido. Da sauran maiƙo a hannunta.

Manomin ya daka mata tsawa: "Ke, ɗauke hannunki! Kin san abin da kike taɓawa?" Ya zaro hankici ya goge wurin.

Guɗa ta tsaya. Tsohuwa ta ja mayafinta ta tafi gida. Daga ranar ba ta ƙara zuwa sujada ba, domin kunya. Wurinta a bencin mata ya zauna babu kowa, dattawa kuwa suna gani, ba wanda ya ce uffan.

Ana nan, wata rana matar manomin tana share cikin motar, ta ɗaga kujerar baya. Sai ta kira shi: "Maigida, zo ka gaida wanda ya riga ka shiga."

Ya leƙa. Ga gashin kare cunkus a lungun kujera, ga kuma tsohuwar igiyar wuyan kare duk an tattaune ta.

Matar ta ce, "Karen Bature ya yi ta barci a nan ba wanda ya kore shi. Mama kuwa gabanta kawai ta taɓa."

Manomin ya zauna a ƙasa. Da yamma ya ɗauki sabulu da sukari ya tafi gidan tsohuwar, ya durƙusa ya ce, "Mama, na yi miki laifi. Ki gafarta mini."

Ta ce, "Ɗana, tun ran nan na yafe maka. Amma a gaban jama'a ka kore ni. Da wane ido zan koma cikinsu?"

Ran Lahadi ya zo ya ɗauke ta a kujerar gaba. Bayan sanarwa ya miƙe a gaban ikkilisiya, ya faɗi abin da ya yi bai rage kome ba, ya roƙi gafararta. Da aka fito, ya kama hannunta da kansa ya ɗora a gaban motar. Tsohuwa ta yi dariya ta ce, "Yau ma da maiƙo fa." Ta ƙarasa addu'ar da aka katse mata, mata suka sake guɗa.

Ma'anar misalin nan ita ce: motar nan mu ne. Ba wanda ya zo wurin Ubangiji yana sabo fil. Kowannenmu na hannu ne, zunubi ya riga ya kwana a cikinsa ya bar gashinsa a lungu. Almasihu ya san haka sarai, duk da haka ya saye mu da jininsa, ya wanke mu, bai ƙyamace mu ba. To, da wane baki wanda aka wanke zai ce wa ɗan'uwansa, "Kada ka taɓa ni"?

Ku lura kuma, sabulu da sukari ba su mayar da tsohuwar majami'a ba. Ina jin waɗansu suna cewa, "Ai na same shi a gida mun daidaita." Ban yarda ba. Ka kunyata mutum a gaban taro, sa'an nan ka lallaɓa ta bayan gida ka ba shi haƙuri a ɓoye? Ka yi rabin aiki. Dattawan da suka yi shiru ma ba su fita daga laifin ba.

Ku duba bencinmu. Akwai wuraren da suka zauna babu kowa, mun kuma san dalili. Mutanen nan ba su yi nisa ba, da yawansu sun riga sun yafe, jira kawai suke a je a ɗauko su. Wanda ya san shi ya kore su, ya je ya zo da su ran Lahadi. Bayan sanarwa ya miƙe tsaye a nan, inda kowa zai ji, ya ba su haƙuri.