Kurciya a Kan Tambarin Kurmasa

An ce wai a zamanin da, an yi wani birni mai suna Kurmasa wanda ba shi da sarki. Sun taɓa ɗanɗana sarauta ta ƙone musu baki, suka kori azzalumin, suka rantse ba su ƙara faɗuwa gaban ɗan Adam. Duk kaka sai dattawa su taru a zauren shawara, su danƙa wa mutum guda sandar gari, shekara ta zagayo ya mayar. Tambarin sarkin da suka kora kuwa suka rataye shi a ƙofar zauren da doka: duk wanda ya ga an ɗaga wa mai sanda hannu, kafin ya haɗiye yawu ya buga shi gari ya taru. Wanda ya gani ya yi shiru, hukuncinsa ɗaya da mai kisan. Shekaru suka shuɗe ba a buga ba, har aka mance dalilin rataye shi.

A wata shekara sanda tana hannun Barmo, mutum mai tsage gaskiya. Wani attajiri cikin dattawan, Ranau, ya ƙwallafa rai ga sarautar da aka binne, yana bin samarin manyan gidaje da romon baka: kai Galadima, kai Madawaki. Barmo ya ji ƙishin-ƙishin, ya gaya wa amininsa Nomau zai tona asirin ranar kasuwa. Bai kai ba. Da rana tsaka aka tsinci gawarsa cikin zauren, wuƙa a ƙirji. Washegari Ranau da mutum biyu suka rantse a gabansu Nomau ya soke shi.

Ɗaya daga cikin shaidun Haladu ne, ɗan farin Alƙali Jatau, kuma shi kaɗai Allah ya bar masa. Saboda kunyar ɗan fari, tunda aka raɗa wa yaron suna uban bai taɓa furta shi ba, sai "kai" ko "wancan". Amma kowa ya san ransa a kan yaron nan yake.

Aka shimfiɗa wa alƙali buzu a ƙofar zauren, aka kawo Nomau cikin mari. Ya ce, "Allah gafarta Malam, tare aka yi mana kaciya da Barmo. Ba ni da shaida sai Allah." Jama'a suka ɗau ihu, a kashe shi, a kashe shi.

Alƙali ya ɗaga kai don kada a ga ƙwallarsa, sai idonsa ya faɗa kan tambarin. Ga kurciya kwance cikin sheƙarta a bisa fatar. Nan take ya gane komai. Ya kuma gane in ya sunkuyar da kai ya yi shiru, ba mai lura, ɗansa zai kwana gida, Nomau ya kwana kabari.

Sai alƙali ya tambayi Ranau, "Daga ina ka gani?"

"Daga nan bakin ƙofa, da idona."

Na biyun ma haka. Ya juya ga ɗansa. "Kai, ka tabbata ka gani? Ido fa yakan yi gizo da rana tsaka."

Allah sarki, ƙofa ce uban ya buɗe masa, yaron bai gane ba. Ya saci kallon Ranau, ya ce, "Na gani, Baba."

Alƙali ya nuna sama da sandarsa. "Ku dubi kurciyar can. Kan ƙwai take, kuma sheƙar nan ba ginin jiya ba ce. Bugu ɗaya da ya watsar da ita. Ku uku kuna tsaye ƙarƙashin tambari ana kashe mai sanda, ba wanda ya miƙa hannu. In kun gani, dokar kakanninmu ta haɗa ku da mai kisa. In ba ku gani ba, kun nemi jinin marar laifi da rantsuwar ƙarya, ramin da kuka haƙa naku ne. Ku zaɓi ƙofa, duka biyun wajen hauni mai sare kai suka nufa."

Ranau ya ce, "Ruɗewa ce ta hana mu, Malam."

"Ruɗewar da ta hana ku buga tambari, amma ba ta hana ku kwana ku haɗa baki ba?"

Sai Haladu ya zube ƙasa yana kuka. "Baba, ni na tare ƙofa, Ranau ya soka. Cewa ya yi zai naɗa ni Galadima."

Dattawa suka matso suna cewa yaro ne, ruɗarsa aka yi, kuma shi ya fasa ƙwan, a kore shi daga gari kawai. Har Nomau, da marin a ƙafarsa, ya sa baki.

Alƙali ya ce, "Mun kori sarki ne saboda ɗansa ya fi ƙarfin doka. In na tsame nawa yau, na naɗa muku sarki ba da rawani ba. A kwance Nomau." Ya ambaci Ranau, ya ambaci na biyun, sannan ya tsaya yana haki kamar mai hawan dutse. Ya ce, "Da Haladu. A miƙa su ga hauni."

Yaron ya ɗago kai da sauri. Tunda yake duniya, ran nan ne ya fara jin sunansa a bakin mahaifinsa.

Jatau ya warware rawaninsa ya ajiye kan buzun, ya tafi gida kai babu hula. Bai ƙara zama shari'a ba, damina ba ta kama ba ya rasu. Mutanen Kurmasa suka ci gaba da zaɓen mai sanda duk kaka.

Shi ya sa masu hikima suke cewa, garin da ba ya son sarki, sai ya samu alƙalin da zai ji zafin hukuncinsa a cikin gidansa bai janye ba.