Jaririn da Abdulsamad Bai Gwada Ba

Akwai wani matashi a Azare mai suna Abdulsamad, wanda ya dawo daga karatun kwamfuta a shekarar 2006. Ƙwaƙwalwa kam Allah Ya ba shi, amma girman kan ya fi ƙwaƙwalwar yawa.

Wani asibitin kuɗi ya ba shi aikin haɗa manhajar lissafin allura. Nas za ta saka shekarun majiyyaci da nauyinsa, kwamfuta ta faɗi yawan maganin da za a zuƙa a sirinji.

Kafin ya miƙa aikin, ya yi mata gwajin canki-canka. Kwamfuta ta riƙa ƙirƙiro majiyyatan ƙarya barkatai, shi kuma yana gwada amsarta da ta littafin likitoci. Ga wuta ba ta zama, ga man janareta da tsada, don haka gwajin bai yi yawa ba.

Abokin karatunsa Kashim ya leƙo shagon da yake aikin, ya duba allon, ya girgiza kai.

"Abdulsamad, dubi waɗanda ta canko maka. Ɗan talatin, ɗan arba'in, duk manya. Tunda gwajin kaɗan ne, kada ya taru wuri guda. Ka sa duk wanda za ta canko ya yi nesa da na baya, ta taɓo tsoho tukuf, ta taɓo jariri. Ko buhun wake za ka saya, ai ba bakinsa kaɗai kake dubawa ba."

Abdulsamad ya ƙyalƙyale da dariya.

"Kai dai akwai ƙaƙale! A makaranta wa yake koya wa wani, ni ko kai? Duk gwajin da na yi ta ci. Je ka sayi wakenka."

"Zauna mu gyara tare, wallahi ba zai ci maka rana ba."

"Na gama," in ji shi.

Ashe in jariri bai cika shekara ba, manhajar ninka masa magani take yi.

Da shekara ta zagayo, matarsa Zuliha ta haifi 'ya mace, suna kiranta Ummi. Tana 'yan watanni zazzaɓi mai zafi ya kama ta, shi kuma yana Katagum wajen wani aiki. Zuliha ta ruga da ita asibitin nan, tunda kullum maigida cika baki yake cewa kwamfutarsu ba ta kuskure.

Aka yi ta yi mata allurai. Ummi ta warke, kowa ya yi hamdala.

Wata rana murfin tukunya ya faɗi dab da kanta, yarinya ko gezau. Zuliha ta tafa hannu a kunnenta, shiru.

A Kano likita ya duba katinta, ya ce maganin ya yi wa jaririya yawa, ya kashe mata ji, kuma ba zai dawo ba.

Abdulsamad bai zarce gida ba, shago ya nufa. Ya saka watannin Ummi da nauyinta a manhajar. Gwaji ɗaya tak, kuskuren ya fito ɓaro-ɓaro. Ya kifa kai a kan tebur, ya yi kuka mai cin rai.

Ya gyara manhajar, ya nemi gafarar Kashim. Amma har yau in ya shigo gida yakan manta ya ce, "Ummi, na dawo."

Ba ta juyowa.

Darasi: Duk iya aikinka, kada ka raina gyaran ɗan'uwanka, kuma in za ka duba aiki ka leƙa har inda ba ka zaton matsala. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu aikin da ran mutane ke hannunsu.